Yadda Ake Zama da Kishiya Mai Taya Huɗu

Ranar da ta uku ta shigo gidanmu, ba da ƙafarta ta zo ba. Tsohuwar Land Rover ce, aka ɗauro ta da igiya a bayan wata motar tun daga Damagaram, yaran unguwa na biye da ita da sowa kamar an kawo amarya. Maigida ya tsaya a ƙofar zaure yana shafa gefenta, ya ce, "Hajiya, jikin nan alminiyam ne, ba ya tsatsa." Na ce, "Madalla. To Alhaji, tana tafiya?" Ya ce, "Za ta yi." Damina huɗu ke nan tana shirin yi.

Don haka ƙanwata, ke da kika aiko kina kuka cewa mijinki ya sayi kat-kat ta biyu alhali ta farkon na kan duwatsu, share hawayenki ki matso. Na riga ki shiga wannan makaranta, kuma abin da zan faɗa miki na gwada shi a tsakar gidana.

Fara da sanin inda ciwon ya samo asali, don ba a maganin abin da ba a gane ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Magarya ya san kwalta baƙuwa ce: ta fito daga Damagaram, ta ratsa Bande, ta shigo gari, ta nufi Tinkim da iyaka. Kina sauka daga kanta kin faɗa rairayi. Ƙauyukan Yekuwa da Sasumburum, da na Gushi da Malawa da Dogo-Dogo can ɓangaren Dungas, wadda aka yanke daga Magarya ta zama gunduma mai kanta a 2011, duk wanda ya je su a watan Agusta ya san yadda ƙaramar mota take durƙusawa, ya san yadda Korama take cika ta raba mutum da gonarsa. Mijinki tun yana ɗan yaro mai kora shanun amalanke yake ganin motocin ma'aikatan gwamnati suna keta tudun yashi ba ko tari, ya ƙudurta a ransa cewa wata rana sai ya riƙe irin wannan sitiyari. In kuwa ya ɗan manyanta, to ya ji labarin tseren Paris-Dakar da ya fara ratsa Agadas a 1979. Tseren ya bar Afirka tun 2009, yanzu ma a Saudiyya ake yin sa, amma ƙurarsa ba ta kwanta a zukatan mazanmu ba. In kin gane wannan, za ki daina ganin kamar don ya ɓata miki rai yake yi.

Sai ki kiyaye harshenki. Kada ki kuskura ki kira motarsa akwala a gaban abokansa, ko da kuwa kaji ne ke kwana a cikinta. Namiji na iya yafe miki gishiri ya yi yawa a miya, amma kalmar akwala zai riƙe ta har jikoki. Ki koyi sunayen motocin kamar yadda kika koyi na dangin miji. In ya ce Land Cruiser ɗin nan injinta silinda shida ne, gazuwal take sha, ki gyaɗa kai ki ce ai kin ji muryarta daban take. Gaskiya ne kuma, daban take. Ni yanzu daga madafa nakan gane wadda ya tayar, har in san ko yau da fara'a zai shigo ko da baƙin mai har gwiwar hannu.

Bakanike kuwa, ki ɗauke shi waliyyin amarya. Ki gaishe shi da mutunci, ki aika masa da fura mai sanyi in rana ta take, domin a bakinsa za ki ji gaskiyar abin da gyaran zai ci. Maigida zai ce miki ɗan ƙaramin abu ne ya rage. Ɗan ƙaramin abin nan yana Ƙofar Ruwa a Kano, sai an canza sefa zuwa naira, an ba direba saƙo, an jira mako biyu, a ƙarshe a kawo na wata motar daban.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, don nan ne gidaje ke tsagewa. Mota ba ta taɓa raba aure don tana tsaye a ƙofar gida. Abin da ke raba shi shi ne ranar da aka buɗe rumbu aka tarar ta ci daga ciki. Saboda haka da kaka, tun ana ɗaure dammunan hatsi, ki zauna da shi ku ƙirga na ci har sabon hatsi ya fito, ku ware kuɗin makarantar yara da na magani. Abin da ya saura daga gyaɗa da riɗi da rake, wannan nasa ne, ya saya mata taya ko ya shafa mata turare. Awakinki kuma naki ne. Kuɗin adashenki naki ne, addini ya ba ki, al'ada ta tabbatar. Ranar da ya zo da murmushi yana cewa, "Hajiya, ɗan bunsurun nan naki ai ya isa kaiwa Maigatari ran Alhamis, batir kawai nake nema," ki mayar masa da murmushin da ya fi nasa faɗi, ki ce bunsurun na da alƙawari da Babbar Salla. Na san matar da ta ba da akuya ɗaya rance don batir. Batirin ya nemi sitata, sitata ta nemi waya, kafin shekara ta zagayo turkenta babu ko igiya.

Ki kuma sa ido a kan abin shan motar. Da can muna ganin man fetur kamar ruwan rijiya, kwalaben ƴan ruwa-ruwa jere a bakin hanya, suna shigowa daga Najeriya da araha. Tun da aka cire tallafin mai a can a watan Mayu na 2023, kuɗinsa ya ninka kusan sau uku, arahar nan ta tafi. Matatar mai ta SORAZ na nan arewa da Damagaram tun 2011, amma ba ta aiko wa kowa da kyauta. Motar rairayi kuma makwaɗaiciya ce. In ya ce zai ɗan zaga da ita don kada injin ya yi sanyi, ki tambaye shi zagayen na lita nawa ne, sannan ki ɗauko mayafinki, ki ce a biya da ke gidan innarki.

Wannan ya kawo mu ga rabon kwana. Tun da kishiya ce, a yi adalci. Daga magariba zuwa safe babu shiga ƙarƙashin mota da tocila. Ranar Juma'a bayan masallaci ta iyali ce. Ranar biki ko suna a ƙauye, mai lafiyar cikin motocin taki ce da ke da maƙwabtanki, a wanke ta, a share ƙusoshi da tsummokara daga kujera kafin ku hau da sabon ɗinki.

Waɗanda ba sa motsi kuma kada ki bar su zaman banza. Bonet ɗin Land Rover ya fi kowace tabarma busar da kuɓewa da barkono, akuya ba ta kaiwa gare shi. Inuwarta wurin hutawar agwagwa ne. Amma ki tsaya kai da fata a kan abu uku, ba da wasa nake faɗin su ba. A kulle ƙofofinsu, don yaro mai ɓuya in ya shige ciki da zafin bazara ƙofa ta rufe, kafin a ankara an yi asara. A kife tsofaffin tayoyi ko a cika su da ƙasa kafin ruwan farko, don a cikinsu sauro ke ƙyanƙyasa. Tsohon batir kuma a ɗauke shi daga inda yara ke rarrafe, ruwan cikinsa na cin fata.

Akwai daren da ya sauya mini zuciya, kuma saboda shi nake roƙonki kada ki matsa a sayar da su duka. Cikin damina ne, an kwana ana ruwa, aka buga mana ƙofa wajen ƙarfe biyu. Ƙanwar maƙwabciyarmu ce naƙuda ta yi wa tsanani a ƙauyensu, amalanke ba zai kai ta ba kafin gari ya waye. Maigida ya fito da Land Cruiser, na shiga da zannuwa da buta. Da muka kai inda yashi ya yi laushi ya sauka, ya tsuguna gaban kowace taya ta gaba ya murɗa makullin da ke tsakiyarta, ya rage wa tayoyin iska har suka ɗan baje, ya sa ƙaramin giya. Motar ta riƙa tafiya a hankali kamar raƙumi mai kaya, ba ta tsaya ba. A dawowa ina riƙe da kan yarinyar a cinyata, ina jin yadda yake lallaɓa kowane rami. Mun isa asibiti ana kiran asalatu. Yaron da aka haifa a daren nan bana ya shiga makaranta. Tun daga ranar na kafa doka ɗaya da ban taɓa sassautawa ba: ɗaya daga cikinsu dole ta kwana da lafiya, da mai a cikinta, da tayar canji mai iska, makullinta kuma a rataye inda ni ma na sani. Na sa ya koya mini tuƙi a filin ƙwallo, don ba kullum yake gari ba. Ke ma ki nemi haka, kada kunyar masu kallo ta hana ki.

In kuma kin ji ya fara yawan waya da wani dillali a Kwatano, ko yana ambaton wata Hilux da ya gani a Maraɗi, to ta huɗu na hanya. Kada ki ce a'a, don a'a ƙara masa ƙaimi take yi. Ki ce kin yarda da hannu biyu, da sharaɗin ta ukun ta je Dungas da ƙafarta ta dawo. Ni haka na yi. Makon jiya aka tayar da Land Rover, hayaƙi ya turnuƙe unguwa, ta fita zaure da kanta har ta kai bakin tasha kafin ta mutu. Kazata ta bi ta da gudu tana kururuwa, don ƙwanta tara na ƙarƙashin kujerar direba.