Ido Ɗaya, Ruwan Ido Dubu

Kyamarar nan Fujifilm X100 ido ɗaya gare ta. Tun fitowarta a 2011 har zuwa ta shida, X100VI, wadda aka saki a 2024, idon nan mai milimita 23 a manne yake. Ba a cire shi, ba ya zuƙo abin da ke nesa. In kana son abu ya matso, ƙafarka ce za ta yi aikin. Da ma hikimar ita ce a rage wa mai hoto ruwan ido. Amma da aka toshe wa ruwan ido ƙofar gaba, sai ya zagaya ta baya ya tare a cikin menu, inda ake saita launi da haske da aikin kowane maɓalli. A nan nake zama ina kallon halayen mutane.

Akwai Malam Bar-ta-yadda-ta-zo. Tun ranar da ya ciro ta daga kwali bai taɓa leƙa menu ba, ko agogonta bai saita ba, shi ya sa hoton sunan ɗansa ya nuna an raɗa suna tun kafin a haifi yaron. Marufin idon wannan kyamara kusan ba ya ƙara, amma shi ya bar ƙarar kwaikwayo da ke fita ta lasifika, ya bar ƙit-ƙit ɗin kama fuska, ya bar ƴar fitilar da ke haskawa a duhu. Liman yana tsakiyar addu'ar ɗaurin aure sai ka ga haske a gemunsa. Abin takaici ga sauranmu, hotunan malamin nan yawanci lafiya lau suke fitowa.

Sai mai girki. Su da kansu girki suke kiran abin, ba ni na laƙaba musu ba. Kyamarar tana zuwa da launuka masu kwaikwayon tsofaffin fina-finan hoto, irin su Velvia da Acros da Classic Chrome, har guda 20 a cikin X100VI, kuma an ba mutum gurbi bakwai, C1 zuwa C7, ya adana haɗin da ya yi. To shi mai girki bakwai ɗin nan ba su ishe shi ba, yana da wasu arba'in a littafi suna jiran layi. Zai ɗauko Classic Chrome, ya ƙara ja biyu, ya rage shuɗi biyar, ya barbaɗa tsaki-tsaki kamar mai zuba yaji a tsire, ya ce ga Kodachrome nan sak. Kamfanin Kodak ya daina yin Kodachrome tun 2009, lokacin da mutumin namu yake aji uku a firamare, amma ka ji shi yana kewar launin kamar da shi aka yaye shi. Irinsa ne suka yi wa X100V rububi bayan ta yi tashe a TikTok a ƙarshen 2022, har ta hannu ta fi sabuwa tsada. Matsalarsa guda: girke-girken nan yawanci a ƙasashen da rana ke da kunya aka haɗa su. Ka zo da girkin da ke ƙara rawaya cikin hazon hunturun Kano, wanda da ma ya rina gari, amarya ta fito kamar mai ciwon shawara. Na taɓa tsayawa kusa da wani a Hawan Daushe. Dawaki na tahowa, algaita na tashi, shi kuwa kansa na sunkuye yana shawara tsakanin C3 da C5. Kafin ya yanke hukunci sarki ya wuce. Ya samu wutsiyar dokin ƙarshe, kuma in faɗi gaskiya, launin wutsiyar ya yi kyau ƙwarai.

Babban abokin hamayyarsa shi ne mai ɗanye, wanda ba ya ɗaukar hoto sai a tsarin RAW. A wurinsa duk saitin launi wasan yara ne, shi sai ya koma kwamfuta zai dafa abinsa. Kowane hoto wajen megabait 80, katin memori ya cika, ya sayi wani. Ka tambaye shi hoton bikinka ya ce, "Sai na gyara." Amarya ta haihu, yaron ya fara tatata, ana nan ana gyara.

Shi kuma mai sauya maɓallai, babu maɓallin da ya bari da aikin da aka haife shi da shi. Na gaba ya koma na baya, na sama ya zama na filasha. Kyamararsa ba ta aruwa, kuma ina zargin da gangan ne. Wata rana da azahar ya kunna labulen rage haske da ke cikin idon, wanda ke mayar da haske kashi ɗaya cikin 16, ya manta da shi har dare. Ya kwana yana tsine wa masu wutar lantarki, alhali wuta ba ta ko ƙyafta ba.

Ɗan titi kuwa, mai ɗaukar hoton jama'a a kan hanya, Ricoh GR yake riƙewa, ƴar ƙarama mai shiga aljihun kaftani. Gurbi uku kacal gare shi, U1 da U2 da U3, kuma duka ukun baƙi da fari ne. Ya saita ta yadda da ya danna sai ta kama abin da ke tazarar mita biyu ba tare da ta tsaya nema ba, don haka duk duniya a mita yake auna ta. Kuna gaisawa yana ja da baya da taku ɗaya. In hoto ya fito dishi-dishi a karkace sai ya ambaci Daido Moriyama, ɗan Japan ɗin da ya shahara da irin wannan ɗauka, ya dube ka da tausayi.

Alhaji kuma Leica Q3 ya sayo a hanyar dawowa daga Dubai, don an ce masa ita ce mai tsadar. Ya miƙa wa yaronsa ya ce a saita masa komai.

"Ranka ya daɗe, me za a fi ɗauka da ita?"

"Hoto mana. Ina wajen zuƙowa?"

"Ai ba ta da shi, Alhaji. Sai dai ta yanke gefe-gefen hoton."

"Duk kuɗin nan?"

Tun daga ranar tana rataye a wuyansa a kowane taro, hoto kuma da waya yake ɗauka.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Kyamarata tana ba mutum damar raɗa wa kowane gurbi suna, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya: Rana, Inuwa, Biki, Magariba, Hazo, Baƙi-da-fari. Na bakwai na rubuta masa "Kar a taɓa". Na tuna daren da na haɗa shi, na tuna har ƙarfe biyu ta buga ina kai, na tuna na kwanta ina jin na gano wani babban sirri. Abin da na nufa a ɗauka da shi ne ya kwanta mini. Sau ɗaya na gwada shi a kan akuyar maƙwabcinmu, ta fito koriya. Shekara uku ke nan, sabbin girke-girke na ta zuwa ina rasa inda zan sa su, amma duk lokacin da na kai yatsa zan goge shi sai in karanta sunan in janye hannuna.