Yadda Ake Yawon Keke A Duwatsun Filato Ba Tare Da An Dawo A Bayan A-Kori-Kura Ba

Wannan shawara ta mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce: Bakano da Bakatsine da Bahaɗeje, waɗanda suka tashi suna murza feda daga gida zuwa kasuwa, ba su taɓa cin karo da tudun da ya wuce gadar sama ba. Idan Allah ya kai ka Jos, ka ga kwalta ta miƙe ta ratsa duwatsu da korayen gonaki, ga iska mai sanyi tana kaɗawa, dole ranka ya biya. To ka hau, ɗan'uwa, ina bayanka, domin wuraren da suka kai Filato daɗin yawon keke a ƙasar nan ba su da yawa. Amma zauna mu yi magana tukuna.

Abu na farko, ka san inda kake tsaye. Garin Jos yana kan tudu ne, kimanin mita 1,200 sama da teku. Ma'ana, duk wanda ya nufi bakin tudun nan, gangara ce za ta tarbe shi. Keke zai riƙa tafiya da kansa, iska na dukan fuskarka, har ka fara tunanin ashe kai gwani ne ba ka sani ba. Ka riƙe wannan da kyau: gangara bashi ce, kuma da yamma ake biyanta, lokacin da ruwan gorarka ya ƙare, cinyoyinka suka yi nauyi. Kafin ka saki keke a kowace gangara, waiwaya ka kalli abin da ka baro, ka tambayi ƙafafunka ko sun yarda. In suka yi shiru, ba su yarda ba.

Saboda haka ranar farko kada ka wuce Bukuru da Vom. Hanyar tana ɗan hawa tana ɗan sauka, daidai mai koyo. Za ka wuce tsofaffin ramukan kuza da suka zama tafkuna (a kalla daga nesa, zurfinsu ba na wasa ba ne), da ƙauyukan da aka kewaye da shingen ƙerana, da gonakin kabeji da karas da dankalin Turawa. A Vom akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke wurin tun 1924, kusa da ita a Kuru kuma ga cibiyar nazarin manufofi ta ƙasa, inda manyan ma'aikata da hafsoshi ke zuwa kwas. In ka tsaya haki a wajen, ka gyara tsayuwa ka dafa sirdi, masu wucewa za su ɗauka nazari kake yi.

Idan ka kwana biyu jiki ya saba, sai ka gwada hanyar Lamingo zuwa gindin duwatsun Shere a gabas da gari, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. Tafiyar gajera ce, amma tana gaya wa mutum gaskiya. Mai neman doguwar tafiya kuwa ya bi ta Mararrabar Jama'a, ya karkata zuwa Heipang da Barikin Ladi da Mangu da Panyam har Pankshin, fiye da kilomita 100. Wannan sai da abokan tafiya da shirin kwana, kuma a sanar da iyali.

Yanzu batun keken kansa. Ina girmama Raleigh da Phoenix ɗin iyayenmu, sun kai amare, sun kai buhunan gero kasuwa. Amma giyarsu ɗaya ce, kuma dutse ba ya duba tarihin keke. Nemi mai giya da yawa, ka koyi sauya ta tun kafin tudu ya kama ka, domin in ka bari sai ka danne feda da dukkan ƙarfinka, sarƙa za ta yi ƙara ta zame, ka tsaya cak a tsakiyar hawa kana kallon akuya tana kallonka. Sa giya mai sauƙi, ka zauna daram, ƙafa na juyawa da sauri ba da ƙarfi ba. In kana iya amsa sallama ba tare da numfashinka ya yanke ba, tafiyarka daidai take. In "wa alaikumus salam" ta rabu gida uku, rage.

Wataƙila ka ga hotunan gasar tseren keke ta duniya da aka yi a Kigali ta Ruwanda a watan Satumban 2025, karo na farko a Afirka, inda maza suka yi tafiyar fiye da kilomita 260 cikin tuddai. Ka yaba musu, amma kada ka kwaikwaye su. Su sana'arsu ke nan, da motoci a bayansu ɗauke da ruwa da tayoyi. Kai abin da ke bayanka kariya ce da ƙullin dabino. Idan tudu ya fi ƙarfinka, sauka ka tura. Babu wanda zai rubuta sunanka. Yaran ƙauye za su yi maka dariya, ka taya su, wani ma zai kama maka turin.

Inda nake so ka ba ni kunnenka duka shi ne gangara, domin hawa gajiya kawai yake sawa, gangara kuwa asibiti take kai mutum. Wanda ya taɓa bin hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo, bayan an wuce Riyom mai duwatsun nan da suka hau kan juna. Doguwar gangara ce mai kwanoni, a ƙasanta ga ruwan Assop yana zubowa, wuri mai kyau ƙwarai. Nan ne kuma manyan motoci ke ƙwace wa direbobinsu. Sabon shiga ba shi da abin yi a wannan gangara da keke. In kana son ganin Assop, shiga mota ka je ka dawo da haƙoranka cif.

Ko a ƙananan gangara akwai ƙa'ida. Kada ka damƙe birki ka riƙe tun daga sama har ƙasa: robar birki tana goga bakin ƙarfen taya, ƙarfen ya ɗauki zafi, birkin ya rage ci, wani lokaci ma tif ya fashe. Matsa ka saki, matsa ka saki. Birkin gaba shi ke da ƙarfin tsayarwa, amma in ka finciko shi shi kaɗai farat ɗaya, za ka riga kekenka isa ƙasa. Haɗa su biyun a hankali, ka ja jikinka baya, ka rage gudu kafin kwana ba a cikinta ba. Hular kwano dole ce. Zanna-bukar ta fi ta kyau nesa ba kusa ba, amma ajiye ta sai ranar Juma'a. Babbar riga ma haka, domin sarƙa tana son bakin riga ƙwarai.

Guzuri: ruwa fiye da yadda kake zato, saboda sanyin Filato yana ɓoye ƙishi. Famfo da kayan faci da tif na sauyi, tun da mai faci ba ya bin ka cikin daji. Ci kafin yunwa ta kama ka. In ka samu gwaten acca ko fura da nono a hanya, ka ci daidai, kada ka cika ciki tudu na jiranka. A watan Disamba da Janairu ka fita da rigar sanyi da safar hannu, yatsun da suka ƙage ba sa matsa birki. Da damina kuwa fita da sassafe, don hadarin Jos ba ya sallama, wani lokaci har da ƙanƙara.

Garken shanu in ya tare hanya, tsaya. Su ne da hanya sai sun wuce. Kare in ya biyo ka a kan hawa, kada ka yi tsere da shi, ka riga ka faɗi; sauka ka sa keken tsakaninku.

Sai gaisuwa, wadda ta fi duk kayan da na lissafa. Ƙasar mutane za ka ratsa, Birom da Afizere da Mwaghavul da Angas da Fulani, kuma kusan kowa yana jin Hausa. "Sannunku da aiki" ga masu noma, "Baba, ina hanyar Panyam?" ga dattijo, su za su nuna maka kwanar da ta lalace da gadar da ruwa ya ci. Filato ta sha fama da rikici, kowa ya sani, don haka kafin ka fita ka tambayi 'yan gari halin da hanya take ciki a ranar, ka bi abin da suka ce ko da ya ɓata maka shiri, kuma la'asar ta same ka a masauki.

Ku kuma direbobi, don Allah in kun hango mai keke yana fama da tudu, ku rage gudu ku ba shi fili, kada ku bari sai kun zo daf da kunnensa sannan ku danna oda.