Kin Ci Abinci?

Ranar da aka ɗaura mini aure sai da aka tare layinmu da benci. Masallaci ya cika, tabarmi ta kai bakin titi, aka raba goro da dabino da alawa, sanƙira ya shelanta sadaki da muryar da ko kurma sai ya waiwayo. Idan akwai auren da ba ya bukatar ƙarin shaida a birnin Kano, to nawa ne. Shi ya sa da Ummi ta bugo waya daga Houston ta ce, "Malam, sai fa ka tattaro hujjar cewa aurenmu na gaske ne," dariya na yi. Na ce, "Wa ke musu?" Ta ce, "Amurka."

Ummi Bakanuwa ce gaba da baya, sai dai a can aka haife ta lokacin da mahaifinta ke karatu, kuma hakan ya sa ta zama 'yar ƙasa. A nan ta girma, daga baya ta koma tana aikin jinya. Mako uku bayan biki hutunta ya ƙare, ta tafi ta bar ni da akwatunan lefe. A 2022 ta cike fom ɗin da ake kira I-130, wanda ɗan ƙasa ke neman a kawo masa mata ko miji da shi, ta biya dala 535. Da na lissafa kuɗin a naira sai da na nemi wuri na zauna. Su dai hukumomin can suna da dalilinsu: mutane na ƙulla auren bogi don samun takardun zama, saboda haka takardar shaidar aure kaɗai ba ta gamsar da su. Suna so su ga hotuna, da saƙonni, da tikitin jirgi, da duk wata alamar cewa mutanen nan biyu sun san juna kuma suna son juna.

Na ce hotuna ai ba matsala. Mai hoton bikina ya ba ni sama da ɗari uku. Na baje su a kan tabarma, na fara neman wanda muka fito ni da amarya. Ga Baffa yana karɓar aure a madadina. Ga waliyyinta yana bayarwa. Ga liman, ga mai unguwa, ga abokan kasuwar Alhaji surukina, ga wani dattijo da har yau ba wanda ya san ko daga ɓangaren wa yake, amma ya fito a hoto goma sha bakwai. Manyan riguna iya ganinka. Mace ko ɗaya babu, don a lokacin amarya na can ƙuryar ɗakin gwaggonta tana kuka kamar yadda al'ada ta tanada. Ni kaina ango a hoto huɗu kawai na fito, biyu daga ciki ƙeyata ce. Surukina kuwa tun farko ya ce ba dina ba fati a bikin 'yarsa, na kuma yaba masa a lokacin, don aljihuna ya huta.

A ƙarshe na samo guda ɗaya na daren kai amarya. Ga ni a tsaye ina murmushi, ga wani abu a gefena lulluɓe da mayafi tun daga ka har ƙafa. Na san Ummi ce. Amma tsakani da Allah, da za a ce buhun gero ne aka yafa wa leshi, ba ni da bakin musu.

Sai na koma kan saƙonni. Akwai wani yaro mai shagon intanet a unguwarmu da ya yi suna wajen cike fom, kowa "Injiniya" yake ce masa. Shi ya buga mini hirarmu ta WhatsApp a takarda, muka zauna fassara ta zuwa Turanci, don abin da ba da Turanci yake ba sai an haɗa shi da fassara. Bayan shafi ashirin ya ajiye biro ya dube ni.

"Yaya, wannan matarka ce ko ƙanwarka?"

Na ce, "Kamar yaya?"

Ya ce, "Ina kwana. Lafiya lau. Ya aiki. Da godiya. Kin ci abinci? Eh. Me kika ci? Shinkafa. Shi ke nan fa, wata takwas. Ina soyayyar?"

Ya ƙirga "kin ci abinci" ya samu sau ɗari huɗu da wani abu. Na yi ƙoƙarin fahimtar da shi cewa idan Bahaushe ya tambayi mace ko ta ci abinci, ya gama faɗin duk abin da ke ransa. Ya ce shi ya sani, amma Bature bai sani ba.

A daren nan na zage damtse. Na rubuta mata cewa ita ce hasken idanuna, tauraruwar zuciyata, ba na iya barci sai na tuna murmushinta. Na ƙara da hoton zuciya ja guda biyar. Minti biyu ba a yi ba ta kira ƙanina ta ce ya yi maza ya duba ni, 'yan damfara sun yi wa wayata kutse.

Maganar takardun haihuwa ba zan tsawaita ba, don duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya san ciwon. Sunana na yanka Muhammadu, kamar rabin mazan Kano, amma kowace takarda da irin nata rubutun: firamare da "u" a ƙarshe, sakandare da "o" a gaɓar farko, fasfo kuma ya raba gardama ya zo da nasa. Takarduna sun ce ranar 1 ga Janairu aka haife ni. Hajiya ta ce ita dai da damina ta haife ni, ana tafka ruwa, shekarar da aka soke zaɓen Abiola, wato 1993. Ruwan sama a Kano a watan Janairu sai a rajistar hedimasta. Na yi rantsuwa a kotu cewa duk Muhammadun nan ni kaɗai ne, na karɓo takarda daga hukumar ƙidaya, na wuce.

Bayan fiye da shekara aka amince da I-130, fayil ya koma cibiyar biza ta ƙasarsu. Nan ma kuɗi: dala 325 na biza, dala 120 na duba takardar da Ummi ta sa hannu cewa za ta ɗauki nauyina. Wannan takarda ta ƙona wa Baffa rai ƙwarai. A saninsa miji ke ɗaukar ci da sha da sutura, ga shi ɗan ƙaninsa za a rubuta shi a jerin abin da mace ke ciyarwa. Ranar da nake cike fom ɗin neman biza, DS-260, yana zaune kusa da ni a shagon Injiniya, ina karanto tambayoyin ina fassara masa. Kai ɗan ta'adda ne? A'a. Ka taɓa hannu a kisan ƙare dangi? A'a. Baffa yana ta "subhanallahi". Sai muka iso kan wata: shin za ka shiga Amurka ne don ka yi auren mace fiye da ɗaya?

Baffa, mai mata uku, ya gyara zama. "Rubuta musu tukuna."

Na ce, "Baffa, eh ne ko a'a, ba gurbin tukuna."

"To kai yaro, ka san gaibu ne?"

Na danna a'a. Bai ƙara yi mini magana ba har muka isa gida, kuma da labarin ya kai kunnen Ummi sai da ta sa na maimaita mata amsar sau uku.

Hoton biza inci biyu ne tsawo da faɗi, bango fari, ba tabarau. Mai hoto ya ce hular ma in cire. A nan duniya ta ga sanƙon da na shekara biyar ina ɓoyewa a ƙarƙashin zanna bukar. Asibiti kuwa an ɗauki hoton ƙirji, an ɗebi jini, aka tambaye ni katin rigakafin yarinta. Na ce katin da ɓera ya cinye tun zamanin Abacha? Aka jera mini allurai a damtse biyu.

Saura ganawa. Injiniya ya ce su kan tambayi komai: launin labulen ɗakinta, lambar takalminta, sunan shugabarta a wurin aiki, wane gefen gado take kwana. Na sayi littafi mai warƙa sittin na cika shi. Na haddace adireshinta da lambar unguwa, da ranar haihuwarta wadda a da ban sani ba sai Facebook ya tuna mini, da sunan magen maƙwabciyarta. Ko jarrabawar fita sakandare ban yi wa irin wannan karatu ba.

A Legas ake ganawar bizar zama, a ƙaramin ofishin jakadancinsu da ke Victoria Island. Na sauka Agege wurin wani ɗan unguwarmu mai canji, na fito tun kafin asuba don tsoron cunkoso. Ba a shiga da waya, saboda haka kafin na ba da ajiyarta a waje na tura wa Ummi saƙo ɗaya, ta amsa, na kashe. Aka ɗauki zanen yatsu, na ɗaga hannu na yi rantsuwar faɗin gaskiya, na tsaya gaban gilashi. Wata Baturiya ce a ciki, fayil ɗina a gabanta kamar kundin shari'ar gado.

"Mene ne sunan matarka?"

Na ce, "Ummi."

Ta duba takarda, ta dube ni. "Ba shi ne a nan ba."

Gumi ya keto mini duk da sanyin na'ura. Na san lambar takalminta, na san sunan mage, amma sunanta na yanka ya ɓace mini ɓat. Ba laifina ba ne kacokan. Sunan kakarta aka sa mata, mahaifiyar Alhaji, kuma a gidan ba mai iya buɗe baki ya faɗe shi, shi ya sa ake ce mata Ummi. Sau ɗaya na ji an furta shi a bainar jama'a, daga bakin sanƙira, ni kuma a lokacin ina can bayan ginshiƙi ina gaisawa da mutane. (Ko a nan ba zan rubuta shi ba, Alhaji na karanta mujalla.) Na yi salati a zuci, na tuna katin gayyata, sunan ya faɗo. Na kuma yi mata bayanin kakar da Turancina da ya fara tsinkewa.

Ta ɗago hoton masallaci. "Ina matarka a nan?" Na ce tana gida. "Kai fa?" Na nuna mata ƙeya. Ta ɗago na daren kai amarya, ta daɗe tana kallo, ta ajiye ba ta ce komai ba. A raina na ce shi ke nan, sai Kano.

Sai ta shiga buɗe saƙonni. Shafi, shafi, shafi. Na ga gefen bakinta ya fara motsi.

"Yau ta ci abinci?"

Ban ko yi tunani ba. Na ce, "Ta ci. Aikin dare take yi. Ƙarfe shida na nan sha biyun dare ne a can, na tambaye ta kafin na ba da wayata. Sauran shinkafar jiya ta ɗumama, kuma na ce mata ba ta isa ba, ta nemi shayi."

Ta yi 'yar dariya, ta buga wani abu a kwamfuta, ta riƙe fasfona ta ce an amince. Littafina mai warƙa sittin ko tambaya ɗaya ba ta fito daga cikinsa ba. Magen ma ba a tambaya ba.

Sai da na sauka Houston na gane tsugune ba ta ƙare ba. A dokarsu, wanda ya shiga ƙasar aurensa bai cika shekara biyu ba, katin zama na wucin gadi ake ba shi, na shekara biyu. Namu saura 'yan makonni ya cika. Cikin kwana 90 na ƙarshe kafin katin ya ƙare sai mun sake cike wani fom tare, I-751, mu sake kawo hujjar cewa auren nan dai na gaske ne. Yanzu ko shara zan fitar sai na ce Ummi ta matso mu ɗauki hoto, har ta fara ɓuya idan ta ga na ɗaga waya.

Don haka ina roƙon duk wanda ya halarci bikina, musamman 'yan kai amarya: idan akwai mai hoton da fuskata da ta amarya suka fito tare, don Allah ya kai wa ƙanina a shago. Dattijon nan mai hoto goma sha bakwai kuma, idan yana raye, ya taimaka ya gaya mana ko shi wane ne.