Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Aikin Gida

Malam Aikin Gida,

Ina fatan kana lafiya, ko da yake ban taɓa jin an ce ko mura ta kama ka ba. Malamai sukan yi zazzaɓi, mai a-daidaita-sahun da ke ɗaukar yara yakan makara, wutar lantarki kuwa ba a maganarta. Amma kai, tun ranar da 'yata Auta ta shiga aji ɗaya a watan Satumba, ba ka taɓa fashi ba. Litinin zuwa Alhamis ka zo kai kaɗai, ran Juma'a ka taho da 'yan rakiya. Yara suna ce maka asamen. Ni da sunanka na yanka zan kira ka, don maganar ta manya ce.

Ko ka san yinin yarinyar da kake biyowa gida? Shekararta shida. Ƙarfe bakwai ta fita, sai biyu ta dawo. Ta ci abinci, ta tuɓe inifom ta zura hijabi, huɗu zuwa shida tana Islamiyya. Bayan magariba a biya hadda. Sai an yi isha'i, ido ya yi nauyi, kake leƙowa daga cikin jaka. Layin farko lafiya lau. A na uku fensir ya fara tafiyar maye, kafin na biyar kai ya kife a kan littafi. To wa ya rage a farke? Ni.

Yau dai zan fasa ƙwai. Tun zango na ɗaya ni nake yin ka. Da hannun hagu nake rubutawa, ina haskawa da tocilar waya, don kada Anti, malamar ajinsu, ta gane rubutun babba ne. Ba ta gane ba kuwa, domin shida bisa goma ta ba ni, ta kuma ja layi da jan biro ta ce a gyara rubutu. Ni da na yi shekara talatin ina rubuta takardun ofis! Uwar yarinyar ta karɓe ni mako guda, ta ci tara bisa goma. Har gobe ana yi mini gori a gidan nan, ko kuɗin cefane na yi ƙorafi sai a tuna mini wa ya fi wani maki.

Kada ka ɗauka ban san makaranta ba. Ina cikin ayarin da aka kwasa a 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na firamare kyauta. Ba a tambaye ni takardar haihuwa ba. Hedimasta cewa ya yi in ɗora hannu bisa ka in kamo kunnen ɗaya gefen, da na taɓo shi aka rubuta sunana. Allo da alli aka ba mu, sai Ka Koyi Karatu, muna rera ba, bi, bo har a jiyo mu daga bakin kasuwa. Lissafi da tsakuwa da marafan kwalba muka koye shi. Idan aka buga ƙarfen tayar motar nan da ke rataye a jikin darbejiya, karatu ya tsaya a makaranta, mu mu tafi gida. Aikin gidanmu shi ne gobe kowa ya zo da tsintsiya, ko takin da za a zuba a lambun makaranta. Ba na ce komai na wancan zamani daidai ne ba, mun sha dorina kan abin da bai kai ya kawo ba. Amma kafin mu bar aji biyu mukan karanta wa tsofaffi wasiƙar da 'ya'yansu suka aiko daga Ikko.

Auta fa? Tana kawo jihohi 36 da manyan biranensu ba tare da ta ja numfashi ba (mu 19 muka haddace, su ma da kyar). Ta san harafin I na gidan ƙanƙarar da mutanen can ƙarshen arewacin duniya ke ginawa ne, ita da ko ƙanƙarar sanyawa a zoɓo sai an yi layi a watan Afrilu. Amma ran nan na rubuta mata "ƙofa", ta dube ni da tausayi ta ce, "Baba, k ɗinka ya karye." A 1977 an rubuta a manufar ilimi ta ƙasa cewa a fara koyar da yaro da harshen gidansu ko na garinsu. Kai dai ban taɓa ganin ka zo da Hausa ba, ko da kuskure. Sai dai in fassara mata tambaya, ta ba ni amsa da Hausa, in mayar da ita Turanci, sannan in rubuta da hagu. Aikin tafinta ke nan, ba albashi.

Sai zango na biyu, da ka zo da yayanka wanda ake kira furojet. Wai kowane yaro ya gina gida da kwali. Na kwana biyu ina fama da almakashi da gam, na fitar da wani abu mai kama da akurkin kaji. Ranar kaiwa na ga wani ɗan ajinsu an sauke shi a mota da bene hawa biyu, har da tagogin gilashi da ƙwan fitila mai kamawa. Kafinta ne ya yi, na ma san shagonsa. Yaron ya zo na ɗaya, kafinta ya samu na cefane, Auta ta yi kwana uku ba ta gaishe ni da fara'a ba.

A nan ne raha ta ɗan tsaya mini a wuya. Akwai yaron maƙwabta, ajinsu ɗaya da Auta. Ubansa direban tirela ne, sai ya yi sati biyu a hanya, uwarsa kuma ta sauke Alƙur'ani amma ba ta yi boko ba. Kullum da littafinsa fari fat yake komawa, kullum sai an sa shi ya durƙusa a gaban aji. Kaifin kansa ya fi na 'yata, na gwada su da lissafin canjin alawa na gani. To da kake raba maki, Malam, yara kake aunawa ko gidajensu? Yanzu shi ma yana zuwa wurina bayan isha'i. Ɗalibaina biyu ke nan, hannun hagun kuma ɗaya.

Gaskiya ɗaya ce, mu ma da namu laifin. Da za ka yi fashi ko na rana ɗaya, iyaye ne za su cika guruf ɗin WhatsApp da tambayar me ake yi da kuɗin makarantarmu. Jaka in ba ta rinjayi yaro ba, gani muke ba a karatu. Ita ma Anti baiwar Allah, littafi arba'in take dubawa a lokacin tara, shayinta na hucewa.

Don haka ba korar ka na zo yi ba, sulhu nake nema. Ka riƙa zuwa da rana tsaka, ka zo gajere, daidai abin da mai shekara shida za ta gama kafin tuwo ya huce. Ka ce ta ƙirgo awakin layinmu, ko ta tambayi kakarta tatsuniya ta je ta ba 'yan aji. Ran Juma'a kuma ka huta kamar kowa. Na ji raɗe-raɗin kana shirin bin mu dogon hutun Agusta da shafi sittin. Ina sanar da kai ƙauye za mu, jakar kuma a nan za ta kwana.

In duk wannan bai samu shiga ba, to a ƙarshen zango na uku, ranar rabon sakamako, a rubuta sunana a katin. In an ƙara wa wani aji, ni aka ƙara wa.

Naka da ba yadda zai yi,
Baban Auta, aji ɗaya

Ƙarin bayani: irin shuka kala goma da ka ce a manna a kwali a kai gobe, na haɗa su tun la'asar, na shanya a tsakar gida gam ya bushe. Akuya ta cinye bakwai, har da rabin kwalin. Ka shaida wa Anti gero da wake da gyaɗa ne suka tsira.