Ƙa'idojin Goyon Bayan Kano Pillars a Shekarun Fari

Goyon bayan Kano Pillars aiki ne da ba a biyan albashi, ba a ba da hutu, ba a kuma karɓar takardar ajiye aiki. An kafa ƙungiyar a 1990, gwamnatin jihar Kano ce ke riƙe da ita, gidanta filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, rigarta ruwan ɗorawa da kore, kirarinta kuwa Sai Masu Gida. Wannan kowane yaro mai buga ƙwallon roba a lungu ya san shi. Abin da ke buƙatar koyarwa shi ne yadda babban mutum mai iyali zai ci tuwon dare, ya yi barci, ya fita kasuwa da safe, bayan an farke masa ƙwallo a minti na 90.

Guzurin farko tarihi ne, domin da shi ake rayuwa idan teburin gasa ya ƙi daɗin kallo. Ana so mai goyon baya ya haddace cewa Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau huɗu: a 2008, sannan 2012 da 2013 da 2014 a jere. Ya riƙe cewa a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, alhali kofin yana hannun Al Ahly ɗin, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe. Ya san cewa Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 da rigar Pillars kafin ya tafi Turai, kuma daga 2003 zuwa 2015 babu baƙon da ya zo ya ci ƙungiyar a gidanta a wasan gasar ƙasa. Gwaninta a nan ita ce sanin inda ake tsayar da labari. Labarin 2009 a Alƙahira yake ƙarewa. Abin da Heartland ta Owerri ta yi wa Pillars bayan nan ba ya cikin manhaja. Haka labarin rashin cin Pillars a gida, ana rufe shi kafin a iso watan Agustan 2015. Idan wani mai neman fitina ya ambaci Nasarawa United da ci biyu da ɗaya, sai a tuna cewa lokacin salla ya yi.

Akwai darasi guda da ba a yarda a tsallake shi ba, duk da ɗacinsa. A wasan ƙarshe na kofin Aiteo na 2018 a Asaba, Pillars ta zura wa Enugu Rangers uku ba ko ɗaya. A Kano an fara lissafin inda za a tari kofi. Rangers ta farke ukun duka, aka je bugun fenariti, ta ɗauki kofin ta tafi Enugu. Daga wannan rana malaman fannin suka fitar da hukunci cewa ci uku da nema ba dalilin murna ba ne, dalilin ƙara istigfari ne. Ba a buga wa aboki waya, ba a sayen lemo a raba, ba a rubuta komai a Facebook, sai alƙali ya hura usur na ƙarshe, an kuma ga 'yan wasa sun shiga mota. An rama a shekarar da ta biyo baya, aka ɗauki kofin a Kaduna a hannun Niger Tornadoes, shi ma da bugun fenariti, domin ƙungiyar ba ta saba ba magoya bayanta farin ciki ba tare da ta auna ƙarfin zuciyarsu ba.

Bayan tarihi sai ilimin ɗora laifi, wanda shi ne ginshiƙin sana'ar. Ba a yin sa da ka, yana da tsari. Idan an sha kashi a waje, laifin alƙalin wasa ne, kuma ba a buƙatar an ga wasan kafin a yanke wannan hukunci. Kowa ya san cin wasan waje a gasar Najeriya abu ne mai wuya, saboda haka ya isa a ce an ba masu gida fenariti, ko an kashe ƙwallo da sunan satar gida. Ɗaya daga ciki yakan dace. Idan Pillars ce aka ba fenaritin a Ƙofar Mata, wannan alƙali ne mai tsoron Allah. Idan kuwa a gida aka yi kunnen doki, sai a juya kan koci: ya makara wajen canji, ko ya yi gaggawar canji, ko ya ajiye yaron da kowa a unguwarsu ya san ya fi wanda aka sa. Ana neman a kore shi bayan wasa uku. Idan an kore shi, ana neman a dawo da shi bayan wasa biyar, a kuma riƙa tuna zamanin koci Baba Ganaru da koci Okey Emordi da dogon numfashi.

Shugabannin ƙungiya su ne na uku a layi, kuma a nan ana so a yi hattara, domin ƙungiyar ta gwamnati ce, mai sauraro kuma ba a san jam'iyyar da yake ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce a ce "an sa siyasa a harkar", ba tare da an faɗi wanda ya sa ta ba. Wannan magana tana aiki a ƙarƙashin kowace gwamnati. Al'amarin ya ɗan rikice a 2025 da aka naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar alhali yana taka mata leda, domin mai yabon 'yan wasa da sukar shugabanni ya wayi gari yana yabo da suka a kan mutum ɗaya. Ɗan wasa Rabi'u Ali Pele kuwa ba ya shiga wannan lissafi. Ya haura shekara 40 yana bugun tazara, kuma idan bugunsa ya tashi sama, iska ce. Idan duk waɗannan sun ƙare ba a sami mai laifi ba, sai a sassauta murya a ce an ɗaure raga. Ba a tambayar dalilin da ya sa ƙasashen da suka fi kowa bokaye ba su taɓa ɗaukar kofin duniya ba. Tambayar tana ɓata hira.

Sai batun maƙwabci. Ciwon rashin nasara kashi biyu ne: rabi a fili ake jin sa, rabi a bakin Bakatsine. Tsakanin Kano da Katsina kimanin kilomita 170 ne, kuma gasar da ke tsakanin biranen biyu ta girmi ƙwallon ƙafa da ɗaruruwan shekaru, tun zamanin da ake takarar wanda ayarin fatake zai sauka a kasuwarsa. Katsina United ta gaji wannan tsohuwar jayayya. Matsalar ita ce abokin hamayyar ba a nesa yake ba. Shi ne maƙwabcin rumfa a kasuwar Kwari, shi ne abokin aiki a ofis, wani lokaci ma shi ne suruki, wanda dole a durƙusa a gaishe shi ranar Litinin yana murmushi yana tambayar yadda aka ji da gajiyar jiya.

Makamin da aka amince da shi a wannan fage shi ne ƙidayar kofuna. Ana ɗaga yatsu huɗu, a nemi Bakatsine ya ɗaga nasa. Ba shi da ko ɗaya na gasar ƙasa. Wannan yana kashe baki na kimanin minti biyu. Daga nan zai tambaya wace shekara aka ɗauki na ƙarshe, kuma tunda an shafe sama da shekara goma ana jiran na biyar, ya kamata a riga an tanadi wata maganar, ko ta tsadar man fetur ce. Ba a so a yi masa gorin faɗawa rukunin gajiyayyu, domin a 2022 tare aka faɗa. Pillars da Katsina United suka sauka a kaka ɗaya, har da Heartland ɗin nan ta 2009 a cikin tawagar, suka kuma hauro tare su ukun a 2023. Shekara guda cur maƙwabtan biyu suka yi kamar kishiyoyin da aka saka rana ɗaya suka haɗu a tasha: kowace tana da abin faɗa, babu mai bakin faɗarsa. Tun 2025 kuma an sami ƙarin aiki a cikin gida, da Barau FC ta hauro babbar gasa, ta yadda mai zolaya ba sai ya taso daga wata jiha ba.

Daga nan ake shiga babin jifa, wanda ya fi kowane babi tsada. Sabon shiga yakan ɗauka cewa ledar fiya wata ko dutse hanya ce ta taimakon ƙungiya. Lissafi bai goyi bayansa ba. A watan Afrilun 2022 Pillars ta dawo Kano bayan dogon zaman haya a Kaduna, ta karɓi baƙuncin Katsina United. Wasan bai ƙare lafiya ba, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta ci Pillars tarar naira miliyan 9, ta yanke hukuncin cire mata maki uku, ta kuma mayar da wasanninta na gida Abuja. Kakar ta ƙare da faɗuwa. A watan Oktoban 2025 aka maimaita karatun: Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa, aka tashi ɗaya da ɗaya, wasu suka dira cikin fili suka far wa alƙalai da baƙi. Aka sake cin tara, aka sake cire maki uku, aka rufe Ƙofar Mata. Inda aka tura Pillars ta riƙa buga wasanninta na gida kuwa shi ne filin Muhammadu Dikko, a Katsina.

Ya kamata ɗalibi ya tsaya ya auna wannan da kyau. Kunnen doki a gida maki ɗaya yake kawowa. Kunnen doki da jifa yana kawo maki ɗaya, ya tafi da uku. Shooting Stars da 'yan wasanta goma sha ɗaya da kocinta da doguwar tafiya daga Ibadan, maki biyu kawai ta iya hana Pillars. Masu ƙaunar ƙungiyar suka ƙwace uku cikin 'yan mintuna ba tare da sun taɓa ƙwallo ba. Babu ɗan wasan gaba a ƙasar nan mai irin wannan ƙwazo. Ga kuma kuɗin tara, wanda daga asusun ƙungiyar gwamnati yake fita, wato mai jifan da maƙwabcinsa da bai san an yi wasa ba duk sun yi karo-karo. Sannan wanda ya yi jifa don kare martabar Masu Gida shi ne zai shiga mota a tasha ya tafi garin abokin hamayya, ya zauna a kujerarsa, ya sayi ruwansa, yana kiran kansa mai gida. Wanda ya ga wannan ciniki da riba, ba a ba shi ajiyar kuɗin adashi.

Halattattun hanyoyin huce haushi suna da yawa, kuma duk kyauta ne. Akwai ihu, akwai tsaki, akwai riƙe kai da hannu biyu. Akwai rantsuwar cewa an bar kallon Pillars har abada, wadda masana suka ƙiyasta tana ƙarewa ranar Laraba. An fi so a yi ta ba tare da ambaton sunan Allah ba, saboda kaffara. Akwai teburin mai shayi, inda kowa koci ne, kuma ba a taɓa cin ƙungiyar da aka tsara a kan benci ba. Akwai shirye-shiryen wasanni na gidajen rediyo, inda ake buga waya a gaishe da mai gabatarwa da iyalinsa da mutanen unguwa, sannan a sallami koci a sauran daƙiƙa goma.

Wasu sukan nemi mafaka a gidan kallo, su ɗauki wata ƙungiya ta Turai don su riƙa samun abin farin ciki ranar Asabar. Dabarar ba laifi, amma tana buƙatar bincike kafin a zaɓa. Wanda ya gudu daga Pillars ya faɗa Manchester United ya tarar da gidan da ya ɗauki gasar Ingila a 2013 ya shafe sama da shekara goma yana nema, ga maƙwabciya City tana ta kwasa. Wanda ya je Arsenal ya tarar an yi sama da shekara ashirin bayan 2004 ana cewa bana ce. Irin wannan mutum yakan ƙare da ciwo biyu a mako ɗaya, kuma na biyun har kuɗin shiga yake biya.

Idan kaka ta zo gangara, ƙungiya tana ƙasan teburi, sai a koma lissafi. A wannan lokaci mutumin da ya tsani darasin lissafi a makaranta yakan iya faɗin abin da zai faru idan wata ƙungiya ta yi canjaras a Uyo, wata ta sha kashi a Gombe, da bambancin ƙwallaye, duk da ka. An halatta a goyi bayan kowa a wannan mako, har Katsina United idan tana wasa da wanda ake tsere da shi, da sharaɗin a yi a zuci, kada suruki ya ji. Idan an tsira, ana cewa da ma an sani. Idan an faɗa, ana cewa za a je a gyara ƙungiya ne a dawo, kuma 2023 ta nuna ana dawowa.

Sabuwar kaka tana zuwa da sababbin 'yan wasa, kowanne an ce ya fi na bara. Mai goyon baya ya wanke rigarsa, ya tafi Ƙofar Mata da wuri, ya sha fiya watansa ya ajiye ledar a ƙarƙashin kujera. Wanda ya san hannunsa ba ya jin magana, ya zauna a gida ya saurari sakamako a rediyo. Hukumar gasa ba ta taɓa cire wa Pillars maki don an jefi rediyo ba.