Mu da Jardan

Mu dai a wannan unguwa tamu ta Maraɗi, yaro na cika shekara uku ya yi sallama da barcin safe. Da Oktoba ta kama sai a ɗinka masa riga mai launin makaranta, a saya masa jakar da ta fi bayansa faɗi, a rataya masa gorar ruwa a wuya, a ce ya shiga jardan, wato makarantar ƙananan yara. Da can ƴaƴan ma'aikata kaɗai ake kaiwa, na likita da na mushe, wato malamin makaranta, da na ɗan duwan. Yanzu kuwa har mai sayar da itace sai ya kai nasa, don kada a ce ɗan maƙwabci na gaida mutane da Faransanci, nasa kuwa yana can yana wasan ƙasa.

Makon farko na kuka ne. Wanda ya bi ta ƙofar jardan da ƙarfe takwas saura sai ya ɗauka allurar rigakafi ake yi a ciki. Ga waɗanda aka matse su uku a kan kabu-kabu tsakanin mai babur da yayarsu, ga na cikin adaidaita, ga wanda aka goyo har bakin ƙofa sannan aka sauke shi a ɓoye don kada abokai su gani. Uwa ta miƙa yaro ga tanti, wato malamar ajin, ta juya da ƙarfin hali kamar ba ta damu ba, ta sha kwana, sai kuma ta dawo tana leƙe ta kafar ƙyaure. Mai gadi ya san su ɗaya bayan ɗaya. "Hajiya, ki tafi gida mana. Ai ya yi shiru tun ɗazu, ke yake hangowa yake sake ɓarkewa."

A namu jardan ɗin aji uku ne: na ƴan shekara uku, na ƴan huɗu, na ƴan biyar, daga nan sai CI, ajin farko a lakwal. Wanda bai taɓa zama ya ga abin da ake yi a ciki ba, ya kan ɗauka karatu ake zubawa tun safe har azahar. Ina! A ƙaramin aji, rabin safiya a kan "asi" da "debu" take ƙarewa: a zauna, a tashi, a shiga layi, a harɗe hannu a ƙirji. Tanti tana da yara arba'in ko fi, da murya ɗaya, da hannu biyu. Wannan ya cire takalmi ya sa a jakar wani, wancan ya ciji alli don ya ji ɗanɗanonsa, waccan ta ƙi sakin gefen zanen tanti tun da aka kawo ta. A haka ake raba musu ƴan allunan da muke kira ardwaz, a ce kowa ya ja sanda a tsaye. Na taɓa tsayawa bakin taga ina kallon wani ɗan yaro yana wannan aiki. Ya damƙe allin da dukan hannunsa, ya fito da harshe, ya ja layi ya karkace, ya tofa yawu ya goge da gefen riga. Tanti ta durƙusa, ta buɗe masa yatsu, ta mayar da allin tsakanin uku daga cikinsu, ta riƙe hannun suka ja tare. Da ta saki, ya ja nasa shi kaɗai, sai ya ɗaga allon sama yana kiran ajin duka su gani. Sanda guda ce tak, amma ranar nan ba a yi abin da ya fi ta ba a ajin.

Sai lokacin gute, wato cin ɗan abincin da aka zo da shi daga gida, wajen ƙarfe goma. Kafin a buɗe jaka sai an yi layi gaban buta da sabulu. Nan ne ake gane gidan kowa. Wani an zuba masa taliya da ƙwai a ɗan kwano mai murfi, wata biskit da yawurt, wani kuwa dala goma aka ƙulle masa a bakin riga ya sayi ƙosai ko awara wajen matar da ke bakin ƙofa. Su yaran ba ruwansu, musaya suke yi, mai biskit ya fi kowa son ƙosai. Iyaye mata ne suka mayar da abin gasa. Yarinya ta dawo gida ta ce wance an sa mata nama, gobe uwarta ta tashi tun asuba tana suya, uban yana tambaya ko suna ake yi a gidan.

To amma abin da ya fi ba ni dariya da mu shi ne yadda muke auna ko kuɗinmu na aiki. Ba mai tambayar yaro ko ya iya ɗaura takalmi, ko ya daina dukan ƙannensa, ko yana wanke hannu ba a ce masa ba. Baƙo kawai muke jira. Da an yi sallama an shimfiɗa tabarma, sai ka ji, "Kai, zo ka yi wa Kawu Faransanci!" Yaro ya zo ya ƙame, ya harɗe hannu, ya kwararo waƙa daga farko har ƙarshe ba numfashi. Kawu ya ce masha Allahu, ya laluba aljihu. Uwa tana bakin murhu tana murmushi, ita ma ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

Akwai wata waƙa da suka fi so, mai amshi, ana yi ana taɓa kai, a taɓa baki, a taɓa wuya. Wata tsohuwa a layinmu ta daɗe tana tafa wa jikanyarta a kanta har ita ma ta iya muryar. Ran nan ta tare tsohon mushen unguwa yana dawowa daga masallaci.

"Mushe, don Allah waƙar nan ta yaran nan, me take cewa ne?"

"Inna, wani ɗan tsuntsu ne ake gaya wa za a fige shi. A fige kansa, a fige bakinsa, a fige wuyansa."

Tsohuwa ta yi jim. "To, an dai yanka shi da bisimilla kafin a fara figar?"

Mushe ya ce waƙar ba ta faɗa ba. Tun daga ranar ta daina tafi.

Alhali kuwa yaron nan yana yin abin da ya fi waƙar wuya kullum, ba mai lura. Ka ba ɗan babban aji kuɗi ka aike shi shago. A jikin kuɗin an rubuta 100, haka tanti ta koya masa ya karanta lambar. Uwarsa ta ce dala ashirin ce, mai shago ma dala ashirin ya sani. Yaro ya riƙe lissafin biyu a kansa, ya sayo magi da ashana, ya dawo da canji daidai. Ban taɓa ganin an kira shi gaban baƙo a kan wannan ba.

Mu ne kuma masu zuwa wajen direktiris, shugabar makarantar, da ƙorafi. Wani uba ya je ya ce shi bai ga ana ba ɗansa aikin gida ba, ɗan da bai daɗe da barin nono ba. Wata ta je tana tambaya ɗiyarta ta nawa ta zo a aji. Ta nawa a me, Hajiya? A shiga layi? Babban ƙorafin dai da ya zagaye unguwa shi ne na maƙwabciyata, wadda ta kama tanti da laifin yi wa yara Hausa. "In Hausa ce ai muna da ita a gida kyauta," in ji ta. "Jika nawa nake biya duk wata?" Tanti ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Hajiya, yaron da fitsari ya matsa ba ya jira sai ya iya Faransanci." Ta kuma ce in za ta ba su tatsuniya, sai ta fara faɗa da Hausa su gane waye mugu waye mai wayo, sannan ta maimaita da Faransanci, a nan ne kalmomin ke zama a kansu. Maƙwabciyata ba ta gamsu ba, ni kuwa na gamsu.

Maganar ta kai har fada, inda maza ke shan shayi bayan isha'i, kuma a can ne tsohon mushe ya samu abin da yake so, wato masu saurare. Ya ce su a zamaninsu sambol ake rataya wa wanda aka kama yana Hausa a lakwal: wani ƙashi ko ƙoƙon kan dabba a igiya, ka yi ta yawo da shi kana kasa kunne ko za ka kama wani ka sauke masa, wanda yamma ta riske shi da shi a wuya ya sha bulala. Ya ce abin mamaki, yau ba Bature a ajin, ba sambol, amma iyaye ne da kansu ke son a dawo da shi. Ya ce su Faransawan ma da muka ari jardan a wurinsu, matar da ta tsara musu irin wannan makaranta, Pauline Kergomard, wadda aka naɗa babbar mai duba makarantun ƙananan yara a 1881, yaƙin da ta yi ta yi ke nan: kada a mayar da wurin ƙaramar firamare, a bar yaro ya koya ta hanyar wasa. Kuma su can yaron da harshen uwarsa ake yi masa magana. Mu ne muka haɗa wa namu biyu, baƙon wuri da baƙon harshe a rana ɗaya.

Wani matashi ya ce ai wannan tsohon zance ne, yanzu Hausa ce harshen ƙasa tun da aka fito da sabon kundi a watan Maris na 2025, Faransanci ya koma harshen aiki tare da Ingilishi, kuma a cikin watan ne Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Mushe ya kurɓi shayi ya ce ƙungiyar nan ma a Yamai aka aza tubalinta a 1970, zamanin Diori Hamani. Ya ce tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 kuma ta ce a fara wa yaro karatu da harshen uwa. "Takarda ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba," in ji shi. Sai mai dafa shayin ya tambayi matashin ina ya sa tasa ɗiyar. Ya sosa ƙeya ya ce jardan, don jarrabawa da neman aiki har yanzu da Faransanci ake yi. Aka yi ta dariya, amma ba wanda ya ce ya yi ƙarya.

Ƴan'uwanmu na Katsina in sun zo biki ta Jibiya da Ɗan Isa, su ma da nasu ƴan nazire masu waƙar Ingilishi. Akan jera yaran a tsakar gida, namu su yi, nasu su yi, kowace uwa na ganin nata ya fi. Da an sallame su sai su ruga waje su ci gaba da langa da Hausa.

Abu ɗaya ne ba ma wasa da shi, shi ne rufin aji. Tun gobarar da ta tashi a wata makaranta ta rumfunan zana a nan Maraɗi a watan Nuwamba na 2021, wadda ta ci yara ƙanana fiye da 20, watanni kaɗan bayan irinta a Yamai, uwa in ta je sa yaro sama take fara dubawa kafin ta tambayi kuɗi. Bayan wannan ne gwamnati ta hana sa ƴan jardan a ajin zana. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyayensu haƙuri.

Da rana ta take a sallame su. A ci tuwo ko shinkafa da wake, a ɗan kishingiɗa, la'asar na yi a sauya riga, a ɗauki ɗaya allon, na itace, a nufi wajen Malam. Makarantar allo tana hutu Alhamis da Juma'a, jardan Asabar da Lahadi, saboda haka ɗan shekara huɗu a unguwarmu ba shi da yini guda cikakke da yake nasa a mako. Uban da ya tsara masa haka kuwa Lahadi ba ya ko ɗaga waya. Ga shi kuma mafi yawan yaran ƙasar nan, musamman na karkara, ba su taɓa taka ƙofar jardan ba, a CI suke fara jin Faransanci, kuma daga cikinsu ake samun likitoci da alƙalai.

Sai Yuni, bikin ƙarshen shekara. A yanka mana kuɗin taro, a fitar da anko, a ɗauko haya ta kujeru da rumfa da lasifika. Ƴan babban aji a sa musu doguwar riga da hula mai tunku irin ta masu gama jami'a, hular tana rufe musu ido. Iyaye mata su sha lalle, a yi liƙi, a ɗauki hoto, a kai gidan surukai. Tanti, wadda ta yi wata tara tana share majina da rarrashi da buɗe yatsu, tana can baya tana neman takalmin wani da ya ɓace, sau da yawa ko lemo ba a tuna an ajiye mata ba.

Don haka in an kira taron iyaye na gaba, ku zo, kada ku aiko da yayar yaro. Ni dai abu biyu zan ɗaga hannu a kai: a bar tanti ta yi wa yara bayani da Hausa duk inda ta ga sun ɓata, kuma a rage kuɗin anko a ƙara mata a albashi. Wanda ke son sanin na nawa ɗansa ya zo, ya yi haƙuri sai ya shiga CI.