Ɗinya a Cikin Jarida

Ran nan na buɗe adakar marigayi kakana a gidanmu na Mandawari, na tarar da tarin Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam na editanta. Sai na ce bari in duba ko magabata sun taɓa karrama ɗinya, wadda ta baƙanta mana haƙora tun muna makarantar allo.

Na ga yaƙin Hitila, na ga maganar gyada da haraji. Ɗinya kuwa shiru, duk da maɗin da take ba mu da ɗinkin da ake kwaɗawa.

Ina shirin rufewa sai ga wani shafi da baƙin tabo shirgege a tsakiyar labari, ƙwallo uku manne a jiki. Na kai wa kakata Iya.

Ta ce, “Kai yaro, wannan ai ƙunshin ɗinyar da kakanka ya sayo mini a Kasuwar Kurmi ne, ina amarya.”

Ashe ɗinya ta shiga jarida, har ma ta cinye rabin sakin layi. Allah Ya jiƙan kakana.